Gaiwa a Ƙarƙashin Yashi

Duk layin nan babu wanda bai san Baba Ƙi-Mutu ba, babu kuma wanda bai haddace abubuwan da suka nemi ransa suka kasa ba. Maciji ya sare shi, macijin ne ya mutu. Katanga ta faɗo masa, da aka kwashe bulo sai aka tarar da shi yana cigiyar hularsa. Amai da gudawa ya kwantar da shi a asibiti, ya fito da ƙafarsa yana yi wa likita faɗan sanyin hannu. In ka kai masa keke gyara a rumfarsa ta ƙarshen layi, kafin ya liƙe maka taya ka sha labari, kuma kullum da abin da yake rufewa: shi bai taɓa cin albarkacin kowa ba, bayan Allah sai ƙarfin ƙashinsa.

Bayan rumfar tasa akwai fadama. Birni ya matso ya kewaye ta da gidaje da gareji da makaranta, ita kuwa tana nan a tsakiya kamar tsohuwar da ta ƙi tashi daga ɗakinta. Da damina takan cika ta batse, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya, belbela ta yi fari fat a kan itatuwa, kwaɗi su hana mutane jin rediyo. Shekarar da ambaliya ta ci unguwanni, ruwan layin nan fadama ya gangara, ko tabarma ba ta jiƙe ba. Baba Ƙi-Mutu yakan faɗi wannan kamar shi ya nuna wa ruwan hanya.

Sai ga wani kamfanin gine-gine ya zo a tsakiyar rani, lokacin da fadamar ta bushe ƙasa ta tsattsage. Suka ɗauki hotuna, suka kai wa hukuma cewa busasshen fili ne da ba ya amfanin kowa, za su cike shi su yi rukunin shaguna. Tun kafin izini ya fito suka kawo katafila suka ajiye, motoci suka fara juye yashi.

Direban katafilar magidanci ne mai shiru, a inuwar motarsa yake cin abincinsa. Baba Ƙi-Mutu ya raɗa masa suna Ɗan Rusau, kuma bai taɓa barin safiya ta wuce bai jefa masa magana ba. Wata rana ya tambaye shi ko a gidansu ma haka yake gaida iyaye, da turewa. Wata rana ya ce masa ƙarfen da ya fi wannan ya danne shi ya tashi. Direban sai dai ya ce, “Barka da hantsi, Baba,” ya ci gaba da goge madubi.

Mutanen layi suka yi ta kai kuka, mai wanki da tela da malamar makaranta suka yi ta zarya, har hukuma ta ce za ta turo jami’ar muhalli ta gani da idonta. Magana ta tsaya a abu ɗaya: in wurin yana da ruwa da rai, doka ta hana a taɓa shi. In busasshe ne, kamfani ya ci gaba. Ga shi kuwa ko girgije babu a sama, tsuntsayen duk sun yi ƙaura.

Baba Ƙi-Mutu ya bugi ƙirji ya ce a bar masa. Ai akwai gaiwa. Wannan kifi, in ruwa ya janye, yakan nutse cikin laka ya naɗe kansa ya yi barci, ya bar ɗan rami na shan iska, har ruwa ya dawo. Ya ce duk duniya su biyu ne suka ƙi mutuwa, shi da gaiwa, kuma sara ɗaya zai yi ya fito da ita a gaban kowa. Matarsa ta ce masa ya dai tuna bayansa, tun da ko buta sai ya yi nishi yake ɗauka. Ya ce wannan nishin na raini ne, ba na ciwo ba.

Ranar da jami’ar ta zo, da takalmin roba da hular rana, layi ya fito kaf. Injiniyan kamfani ya tsaya gefe yana duba waya. Baba Ƙi-Mutu ya saɓa fartanya ya shiga gaba, ya je inda ya sani tun yana saurayi, ya tofa yawu a hannu ya kai sara. Fartanya ta yi ƙara a kan ɓaraguzan bulo. Ya matsa ya sake, ya tono tsohon takalmi. Ya sake matsawa. Rana ta take, gumi ya rufe masa ido, wurin duk ya sauya masa saboda abin da motoci suka zubar. Jami’ar ta ce masa ta san gaiwa, ta kuma yarda za a iya samunta a irin wannan ƙasa, amma ba za ta shaida abin da ba ta gani ba.

A sara na gaba bayansa ya riƙe. Ya tsaya a sunkuye, ya kasa miƙewa, ya kasa zama, mutumin da katanga ba ta kayar ba. Matarsa ta zo ta karɓe fartanyar. Jami’ar ta dubi agogo. A ransa ya ga shaguna sun tsaya, ya ga ruwan damina ya rasa wurin zuwa ya shigo ɗakuna, ya ga kansa a rumfa ba zalɓen da zai nuna wa mai keke.

Sai aka ji an rufe ƙofar katafila. Direban ya sauko ya tako har gabansu.

“Baba, ba nan ba ne,” in ji shi. “Ramukan suna ƙarƙashin tulin yashin can. Ni aka sa na rufe su.”

Injiniyan ya ɗago kai daga waya, ya ce masa ya koma bakin aikinsa in yana son aikin. Direban ya dube shi, ya dubi tsohon da ke sunkuye, ya ce aikin zai koma. Ya hau ya tayar da mota. Mutane suka ja baya. Wannan ƙaton ƙarfe da aka kawo don ya binne fadama, shi ya riƙa ɗebe yashi a hankali kamar mai tankaɗe gari, har baƙar ƙasa ta bayyana. Ya kashe mota ya sauko, ya durƙusa ya share da tafin hannu. Ga ramuka nan ƙanana, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Tela ya karɓi fartanya ya haƙa gefen ɗaya, aka ciro curin laka. Mai wanki ta ruga ta kawo baho da ruwa. Aka saka aka zuba ido. Aka daɗe, har injiniyan ya fara murmushi. Sannan lakar ta saki, wani abu baƙi dogo ya warware, ya kaɗa wutsiya ya watsa wa jami’ar ruwa a riga. Ta yi dariya ta ɗauki hoto, ta ce a mayar da gaiwar inda ruwa zai same ta, kada kuma motar yashi ta sake shigowa har ta kai rahoto.

Ba a jima ba hukuma ta hana cike fadamar. Kamfani ya kwashe kayansa, ya kuma sallami direban.

Baba Ƙi-Mutu ya kwanta jinyar baya, ga mamakin kowa ba labari ba cika baki. Da ya samu ya miƙe, ya sa aka yi masa kwatance, ya tafi da sanda har ɗakin da direban yake haya. Ya tarar da shi a ƙofa yana gyara wa ’yarsa takalmi. Ya zauna a benci, ya yi maganar zafi, ya yi maganar tsadar taya, ya soma labarin maciji ya bari a tsakiya.

“Ɗana,” ya ce, “wane ne ya aike ka? Ni da ban bar ka ka sha ruwa da daɗi ba.”

“Ranar da na rufe ramukan na ji wata gaiwa ta yi gurnani a ƙasa, Baba. Tun ranar kukan nan bai bar kunnena ba.”

Tsohon ya juya sandarsa, ya gyara hula, ya yi kaki.

“Na gode,” ya ce. Ya ji kalmar ba ta kashe shi ba, sai ya ƙara. “Na gode. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini.”

Ya ce masa rumfa tana da faɗi, mai hannun da ya iya tankaɗe yashi da katafila ba zai kasa liƙin tayar keke ba, ya zo su zauna kafin wani aikin ya samu. Da ya dawo gida ya gaya wa matarsa abin da ya faɗa, ta ce ya maimaita ta ji, don tun da aka kawo ta gidan nan ba ta san bakinsa yana lanƙwasuwa haka ba. Ya maimaita mata, wannan karon ita yake nufi, ta tashi ta shiga ɗaki wai ta manta wani abu.

Ruwan farko ya same su su biyu a rumfa, shi da direban, suna kallon fadama tana sha. Wani mai keke ya fake, Baba Ƙi-Mutu ya gyara zama. Ya ba shi na maciji, ya ba shi na katanga, duk yadda aka saba. Da ya zo inda yakan ce bai taɓa cin albarkacin kowa ba, sai ya nuna na kusa da shi da leɓe, ya ce a duk birnin nan mutum ɗaya ne ya taɓa ɗaga shi daga ƙasa, kuma sai da aka haɗa da katafila. Can cikin ciyawa kwaɗo ɗaya ya gwada murya, sauran suka amsa, har sai da tsohon ya ɗaga tasa kafin a ji ƙarshen labarin.