Ƙululun Tagulla

Mai Takalma na durƙushe a ƙarƙashin bencinsa, yana tona tarin guntayen fata da yatsu, yana faɗa da wanda ba ya wurin.

"Shida ne! Shida na zuba a gwangwanin nan da hannuna, yau kuma biyar. Ƙafa ya yi ya fita?"

Tela, maƙwabcin rumfarsa, ya tsayar da keken ɗinki ya leƙo. "Baba, yau kwana huɗu kana zagin ɓarawon nan. Wa zai saci abin da bai kai ƙwayar wake ba?"

"Masu hassada mana. So suke su gano sirrin."

Sirrin kuwa yana rataye a bango, inda duk mai wucewa zai gani: ƙafar katako ce, wadda ake cusawa cikin takalmi a buɗa shi. Ta kanti guda ce, sai dai ka saya lamba-lamba. Tasa shi ya tsaga ta biyu da zarto, ya ratsa mata dogon ƙarfe mai noti da ya ciro daga wani mataccen inji, ya ɗaura mata kan famfo a baya. Ka murɗa dama ta buɗe, ka murɗa hagu ta tsuke. Ya huda ramuka a jikinta, inda yake dasa ƙananan ƙululai na tagulla, don su turo fatar takalmi daidai inda ƙashin mai shi ya fito. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba ke nan. Gobara ta cinye rumfarsa sau biyu ya sake kafawa, takalman roba suka kori sa'o'insa duka daga layin, shi yana nan. In ka zauna minti biyar zai gaya maka wannan, in ka ƙara biyar ya maimaita.

A watan jiya ya yi mata sabon gyara. Da, murɗa ƙululan ake yi cikin ramin, abin na cin lokaci. Sai ya goge zaren murɗin da ke jikinsu ya fiƙe gindin, yanzu cusawa kawai ake yi. Ranar ya tara mutanen layi ya ce musu, "Daga yau ba na ma buƙatar sa hannu cikin takalmi in lalube. Ƙafar nan ta fi hannu gani."

Yana cikin tonon wayarsa ta yi ƙara. 'Yar Dogo ce.

"Baba, muna asibiti. Ƙafar Babanmu ce. Ya ce lallai in kira ka."

Dogo tsohon direban babbar mota ne, amininsa tun suna samari. Ciwon suga ya kashe masa tafin ƙafa, ko allura ka soka masa ba zai ji ba. Likita ya hana shi sa duk takalmin da zai matse shi, shi ya sa Mai Takalma ya ɗinka masa na musamman, fata mai laushi kamar kunnen jariri, ya bar su kwana biyu a kan ƙafar katakon.

Ya rufe rumfa ya hau bas. Duk tsawon hanya yana ba wani fasinja labarin yadda asibiti ma ya kamata su zo su koyi aiki wurinsa.

Ɗakin marasa lafiyar gadaje takwas ne, fanka ɗaya ke juyawa. Dogo na gadon ƙarshe, ƙafarsa ta dama a ɗage kan matashi, an naɗe ta da bandeji har idon sawu. Da ya hango shi sai ya washe baki.

"Ga shi nan! Jama'a, wannan ne nake ba ku labari. Gajere, zo su gan ka. Kaf garin nan ba mai ɗinki irinsa, sai dai surutu."

"Kai kuma me ya kai ka kwanciya kamar mai jego?"

"Yatsa ne, wai ya ruɓe. Gobe za su cire ƙaramin. Dama me yake tsinana mini?"

'Yarsa na tsaye jikin taga, idanunta sun kumbura. Ita ke jinyarsa tun rasuwar uwarta, ita ke dafa masa abin da likita ya yarda, ita ke wanke masa ƙafa. Yayanta na gefe da rigar ofis, ya harɗe hannu, ko kallonta ba ya yi.

Likita ta shigo, mace ce mai tabarau, ba ta da lokacin wasa. Ta duba takarda ta dubi yarinyar.

"Na tambaye ki jiya, zan sake tambaya. Wannan huda ce, wani abu mai tsini ya shige shi, ya kuma daɗe yana cin wurin. Kin bar shi yana yawo ba takalmi?"

"Wallahi likita, tun da aka kawo takalman nan bai taka ƙasa ba. Ko banɗaki da su yake shiga."

"To daga sama ƙusar ta faɗo?" in ji yayan. "Aiki ɗaya aka ba ki a gidan nan. Ɗaya! Kina can kina latsa waya."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo.

Takalman na ƙarƙashin gado, an jera su tsaf. Mai Takalma ya sunkuya ya ɗauko na dama, niyyarsa ya nuna wa likita irin aikin da ba a koyarwa a makaranta. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa tafin, sannan hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara hamsin kafin ya hana shi: ya zura ciki.

Can gaba, ta gefen ƙaramin yatsa, wani abu ya soke shi.

Bai buƙaci ya duba ba. Kan ƙululun ya nutse cikin shafin fatar, gindin da ya fiƙe da hannunsa yana tsaye ciki kamar ƙaya. Da ya zare ƙafar katakon, abin ya saki raminsa ya zauna a nan. Da mai zare ne, da bai saki ba. Da ya sa hannu, da ya ji.

Ya ɗan juya musu baya, ya ƙwaƙule abin da farce, ya dunƙule shi a tafin hannu. Ba wanda ya lura. Likita na rubutu, yayan na ci gaba da faɗa ƙasa-ƙasa, Dogo na gaya wa na gadon kusa yadda takalmin ke da daɗi kamar ba ka sa komai ba.

"Bari in sha iska," ya ce, ya ajiye takalmin.

A baranda ya tsaya kusa da kwandon shara. Jefawa ɗaya ce. Gobe ya koma layi, ƙafar katakonsa na rataye a bango, sunansa na nan yadda yake. Ya ɗaga hannu, sai ya ji motsi a bayansa. Yarinyar ce ta fito, tana share fuska da gefen mayafi.

"Baba, kai ka san ni tun ina goye. Don Allah ka gaya wa Yaya ban yi sakaci ba. Kullum sai na share ɗakin sau biyu. Ni har na fara tunanin ko ni ce ɗin, ko wata allura ta faɗi ban gani ba."

Tsohon da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya tsaya yana kallon silifas ɗinta. Tsinin na cin tafin hannunsa.

"Zo, 'yata," ya ce.

Ya koma ciki, tana biye da shi. Likita na shirin wucewa gado na gaba. Ya buɗe hannu ya ajiye ƙululun a kan takardarta, da ɗan jininsa a jiki.

"Ga abin da ya huda shi. A cikin takalmin yake. Nawa ne, ni na bar shi." Ya juya ga yayan. "Yarinyar nan ba ta da laifi. Ban sa hannu na duba ba."

Likita ta ɗaga abin ta duba, ta dube shi ta saman tabarau, kallon da ya fi zagi ciwo. Yayan ya saki hannuwansa, ya kalli ƙanwarsa, ya kalli ƙasa. Na gadon kusa ya juya fuska bango.

Dogo ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya miƙa hannu aka ba shi ƙululun, ya jujjuya shi a yatsu.

"Gajere."

"Na'am."

"Shekara hamsin ina jiran ranar da zan ji ka ce ka yi kuskure. Ashe sai na ba da yatsa."

Ba wanda ya yi dariya. Mai Takalma ya so ƙasa ta tsage. Ya juya zai fita, Dogo ya riƙo gefen rigarsa.

"Ina za ka? Zauna. Daga gobe ƙafar nan yatsu huɗu gare ta, kanti ba sa sayar da irin nata. Wa kake so ya ɗinka mini?"

Mai Takalma ya zauna a bakin gadon, a ɗofane. Ya jawo takalmin hagu daga ƙasa, ya zura hannu ciki, ya shiga lalube a hankali, lungu-lungu, kansa a sunkuye.