Bangon da Aka Shafe da Fenti

"Iya gwiwa? Wa ya ce miki iya gwiwa?" Baba Magini ya yunƙura zai tashi daga katifa, tari ya mayar da shi.

Ma'aikaciyar da hukuma ta turo ta duba takardarta. Tun safe take bi gida-gida tana rubuta inda ambaliya ta taɓa kaiwa, domin da wannan awon za a yanke tsayin katangar da za a gina a bakin rafi.

"Gida goma sha ɗaya duk haka suka faɗa, Baba."

"Baƙi ne. Jiya-jiya suka tare."

Mai ɗinki, maƙwabciyarsa, tana tsaye a bakin ƙofa, dubiya ta kawo ta. Ita ma tana cikin sha ɗayan nan, da bakinta ta ce iya gwiwa. Shekararta huɗu kacal a unguwar, gidanta ne na ƙarshe kafin rafi, kuma 'ya'yanta uku a ƙasa suke kwana.

Kowa ya san halin Baba. Shekara arba'in, duk ruwan da ya shigo masa gida, yana janyewa zai ɗauki ƙusa da guduma ya tsaga bangon tsakar gida daidai inda laka ta tsaya. Unguwa ta daɗe tana yi masa tsiya, wai ya gina wa duniya gidaje, nasa kuwa ya sa shi gaba da sassaƙa.

"Kai ma'aikaciyar ta ga bangon," ya ce wa ɗansa.

Ɗan ya sunkuyar da kai. Makon jiya, da ya ga masu dubiya sun fara yawa, ya sa aka cike tsagogin da siminti aka bi da farin fenti, wai kada a ce ya bar ubansa a kango. Bai ga dalilin gaya wa mara lafiya ba.

Baba bai yi faɗa ba, abin da ya tsorata mai ɗinki ke nan, don mutum ne da kan yi wa kaza ma faɗa.

"Ɗauke ni," kawai ya ce.

"Baba, likita ya hana..."

"Likita ya taɓa ganin ruwan nan? Ɗauke ni."

Ɗan ya ciccibe shi, ba nauyi ko kaɗan. A waje hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska tana kaɗa kayan shanya. Baba ya ɗora tafinsa a kan bangon, ya lumshe ido yana shafawa. Ido ba ya ganin komai sai fari, amma yatsun magini sun san sabon ciko. Ya sami ɗaya iya gwiwa, ya wuce. Ya sami wani iya ƙugu.

"Sama," ya ce.

Aka ɗaga shi.

"Ƙara."

Sai da ɗan ya ɗora shi a kafaɗa. Yatsun suka yi ta lalube, suka tsaya a saman ƙofar ɗaki, inda ko dogo sai ya yi ɗage.

"Nan. Shekarar da ruwa ya tafi da yayarka." Ya juyo wurin ma'aikaciyar yana haki. "'Yata, rubuta. Kada su gina muku katangar wasa."

Ma'aikaciyar ta hau kujera ta ja tef, ta auna sau biyu, ta soke abin da ta rubuta da safe. Mai ɗinki ba ta jira jin lamba ba. Gidan Baba a kan tudu yake, nata sai an gangara. Ruwan da ya kai nan, ko rufin ɗakinta ba zai bari a gani ba.

"Baba, zai sake zuwa?" mai ɗinki ta tambaya.

"Ni dai na gama tsagawa," ya ce. "Ki riƙa duba rafin."

Aka mayar da shi katifa. Kafin rana ta karkata numfashin ya tsaya, farcensa da sauran farin fenti. Mai ɗinki ta yi kuka sosai, rabi don shi, rabi don tsoro.

Tana gangarawa gida aka fara yayyafi. Ta tarar da autarta a tsakar gida tana tarar ruwan a tafin hannu tana dariya. Ta sunkuce ta, ta goya, ta ɗaure zanin tamau, ko da yake yarinyar ta daɗe da wuce goyo. Ƙafafunta suna reto har cinyar uwar.