Baƙo Mai Takalman Malam

Haƙorin Malam Sodangi ya ruɓe tun kafin damina, amma sai da kumatunsa ya yi kamar ya ƙunsa goro sannan ya yarda ciwo ne. Ya sa kanumfari, ya sa kanwa, har man birki ya ɗiga bisa shawarar wani mai faci. Haƙorin bai ji ba.

Magani kuwa yana cikin gidansa. Duk ƙauyensu na Gangara ma'aikaciyar lafiya ɗaya ce, Jamilatu, kuma ita aka tura Sabon Birni ta koyo duba baki da cire haƙori. Sai dai matar ɗansa na fari ce. Mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gabanta ba, shi za a ce ya wangale mata baki? Hanyar zuwa asibitin garin Isa kuma, a wannan watan, direbobi sun bar wa 'yan bindiga.

Da zazzaɓi ya shiga, kumburin ya fara gangarowa wuya, Jamilatu ta tsorata ƙwarai, don ta san inda irin wannan ke kai mutum. Ta sami surukarta Habi a madafa.

"Inna, wanga abu kisa shikai."

Habi ta tashi ta shiga ɗakinta. Ta ɗauko tsohon zane da almakashi, ta huda tsakiyarsa. Da hantsi ta leƙo ɗakin Jamilatu.

"An yi baƙo daga Nijar, ciwon haure garai. Ba shi son a ga huska tai."

Baƙon yana zaure a lulluɓe, baki kaɗai a waje. Takalman Malam Sodangi ne a ƙafarsa. Jamilatu ta dube su, ta kau da kai.

"Sannu da zuwa, baƙo. Buɗe."

Ta yi allura, ta kama haƙorin ta girgiɗa. Baƙo ya yi ƙara da muryar da ke kiran salla a unguwar kullum. Ba wanda ya gane ta.

Da haƙorin ya fita, tana danna auduga ta ce, "Baƙo, man birki na mota ne. Ka shanye maganin ga duka, ka riƙa asuwaki. Da surukina ne, mutum mai hankali, ba shi yin haka."

Zanen ya gyaɗa kai.

Da kumburin ya saɓe, Malam Sodangi ya tsaya bayan ɗakin Jamilatu, ya ɗaga murya yana magana da Habi, wadda ke can wajen rijiya.

"Baƙon nan ya aiko. Ya ce shina cin tuwo. Ya ce kuma da shi bai haihi ɗiya mace ba, amma Allah ya ba shi guda."

Jamilatu tana ciki, hawaye ya cika mata ido. Ba a amsa wa suruki, don haka ta ce wa bango, "Allah shi ƙara wa baƙo sauƙi."