Wayar da Na Fasa a Shago

Ni mai walda ne. Shekara ashirin da shida ina haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, kuma ban taɓa jin kunyar cewa a aji huɗu na bar makaranta ba. Ɗa ɗaya Allah ya ba ni, shekararsa goma sha ɗaya. Tun yana rarrafe yake bin wutar walda da ido, shi ya sa aka sa masa Tartsatsi, sunan ya bi shi har coci.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, ina tsaye a bakin ƙofa ina gardamar ƙwallo, Malamar makarantar Lahadi ta zo ta ce Fasto na nemanmu, ni da matata. Da ganin fuskarta na san ba lafiya.

A ajin yara muka same su, wurin ƙananan benci da zanen tumaki a bango. Ga Fasto, ga wani dattijon ikilisiya da muke kira Hedimasta, ga mai gangar coci riƙe da ɗansa ɗan shekara shida. Tartsatsi na tsaye a lungu. Mai ganga bai gaishe ni ba. Ɗaga rigar yaron kawai ya yi. Shatar duka guda biyar a jere, ɗaya ta fashe.

"Oga mai walda, aikin ɗanka ne," in ji shi. "Ya fi ka iya layi."

Malama ta ce ta fita ɗauko alli ne, ƙaramin ya yaga wani hoto a bango. Tartsatsi ya kori sauran yara, ya rufe ƙofa, ya zare bel ɗinsa. Ba ta ƙarasa ba Hedimasta ya sa hannu a aljihun ɗana ya zaro waya. Tsohuwar wayar kawunsa ce, gilashinta duk ya tsage. Da ya danna sai ga sojoji suna harbe-harbe, jini na fallatsa.

"Ga malaminsa nan!" in ji Hedimasta. "Shekara nawa ina faɗa muku? Wannan gem ɗin makarantar Shaiɗan ce, kuma ba a biyan kuɗin makaranta."

Fasto mutum ne mai sanyin magana. Ya ce shi bai ce kowane wasa zunubi ba ne, amma yaron da zai kashe mutum ɗari kafin ya karya kumallo, dole a tambayi abin da hakan ke yi wa zuciyarsa. Ya ce mu mabiyan Yesu ne, wanda aka daka bai rama ba, kuma yaro ba ya koyon wannan daga wa'azi, sai daga abin da idonsa ke gani kullum.

"Baba Fasto, ban gama ba," in ji Malama. "Abin da ya ɗaure min kai, da na dawo na tura ƙofa, a durƙushe na same su su biyu. Ya ɗora hannu a kan yaron yana masa addu'a. Yana cewa, ya Ubangiji, ka sa wannan horon ya shiga zuciyarsa, kada ya tsaya a fata."

Addu'ata ce. Kalma ɗaya bai canza ba. Haka nake yi a gida: in rufe ƙofa, in ninka bel biyu, in riƙe ƙarfen a tafin hannu don kada ya yanki fata, in yi biyar, sannan mu durƙusa. Haka mahaifina ya yi min, ni kuma ina alfahari cewa ban taɓa dukan ɗana cikin fushi ba, sai cikin tsari.

"Kun ji ko?" in ji Hedimasta. "Shaiɗan har addu'a ya iya."

Matata ta kafe ƙasa da ido. Fasto ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

"Ɗan'uwa, kana da abin cewa?"

Ni ne na yi wa cocin nan ƙofa kyauta. Ni ne ke karɓar baiko. Sunana na cikin waɗanda za a zaɓa dattawa bana. Duk wannan ya zo min a kai lokaci ɗaya.

"Wayar ce," na ce. "Zan yi maganinta."

Tartsatsi ya ɗago kai ya kalle ni. Na biya kuɗin magani, na ba mai ganga haƙuri, muka tafi.

Washegari da ya dawo makaranta na kira shi shago. Na ɗora wayar a kan teburin ƙarfe, na ɗauki babbar guduma, na sauke mata sau uku. Gilashi ya watse har cikin kwandon ƙusoshi. Na ɗauka zai yi kuka, bai yi ba.

"Baba, a gem ɗin ba a dukan yara," in ji shi. "Sojoji ne kawai. Kuma in sun mutu suna tashi."

"Rufe min baki! Wuce gida."

Da yamma na koma gida, ina zaune a falo ina cire takalmi, sai ga shi ya shigo ba riga. Ya rufe ƙofa da kansa. Ya ɗauko bel ɗina daga ƙusar da nake rataye shi, ya ninka biyu, ya miƙo min ta wajen ƙarfen. Sannan ya juya baya ya dafa kujera.

"Baba, ka yi ka gama mu yi addu'a. Mama ta zuba abinci, zai huce."

Bayansa na kalla. Ƙasusuwa a jere, da tsofaffin tabo guda biyu da ban taɓa lura da su ba. Hannun nan nawa da ke lanƙwasa rodi ya kasa ɗaga bel ɗin. Na ce ya sa rigarsa. Ya tsaya yana kallona a tsorace, kamar na ƙirƙiro wani sabon horo da bai sani ba.

Matata ce ta buɗe ƙofar.

"Maigida, yau hannun ya gaji ne?"

"Ke, kada ki fara."

"Ai na daɗe ban fara ba. Shekara nawa ina tsaye a bayan ƙofar nan ina ƙirga biyar tare da kai. Jiya a ɗakin Allah aka tambaye ka, a gaban ɗanka, ka ɗora wa waya. Wayar da ya samu wata uku da suka wuce. Na kira Yayana, kawunsa. Ranar Asabar yaron zai tafi wurinsa, can zai ƙarasa makaranta."

Na yi ihu, na ce gidana ne, ɗana ne. Ta ce in na isa in je in faɗa wa Fasto dalilin da zai hana shi tafiya. Ban taɓa jin ta yi min magana haka ba.

Sai ranar Laraba na iya zuwa. Na sami Fasto a ofis yana gyara fanka, na faɗa masa komai a tsaye.

"Na sani," in ji Fasto. "Kai ka taɓa yin wannan addu'ar a gabana a taron maza, kana koya wa matasa. Ni ma da laifina, ranar dariya na yi."

"To me ya sa ba ka tona ni ba?"

"Ba ni nake bukatar ji daga bakinka ba. Ɗanka ne."

Na dawo da niyyar gaya wa yaron. Alhamis na ce sai Juma'a. Juma'a na tsaya a ƙofar ɗakinsa yana shirya kaya, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ka ɗauki burushinka?" Ni da ke yi wa kwastoma tsawa a kan titi, kalma uku, "ka yafe min," suka fi ƙarfina.

Ranar Asabar muka raka shi tasha. Kawunsa ya sa jakar a bayan mota. Na ɗaga hannu zan dafa kansa in sa masa albarka, sai ya sunkuya ya kare fuska da gwiwar hannu. A gaban mutane. Da ya gane, ya sauke hannun da sauri.

"Yi haƙuri, Baba," in ji shi, ya miƙo min kan.

Shi ya ba ni haƙuri. Na dafa kan, direba ya danna hon.

Washegari a coci, lokacin sanarwa, na miƙe ba wanda ya kira ni. Na ce ba waya ce ta koya wa ɗana dukan ɗan mai ganga ba, ni ne. Na ce a cire sunana daga zaɓen dattawa. Hedimasta ya sunkuyar da kai, mai ganga ya zo ya riƙe min hannu, mata suna ta share ido. Mutum ɗari biyu suka ji ni ranar. Na waiga wajen bencin yara, inda yake zama kusa da taga, wata yarinya ce a wurin tana wasa da takalminta.

Kawunsa yana ba shi waya duk Lahadi da yamma mu gaisa. Yana cewa, "Lafiya lau, Baba." Sau biyu yanzu na ce masa ya yafe min. Ya ce, "To, Baba," sannan ya tambaya ko Mama na kusa.