Taku Arba'in

"Danne ƙusar nan da kyau, Bello. Ko igiya ba ka iya riƙewa, kuma wai kai tela."

Na danne. Malam Hamza ya ja igiyar da alli ɗaure a bakinta, ya zagaya da'irar harafin G a jikin ƙofar gidansa. Hannunsa na rawa, amma igiyar ba ta bar layin ya kauce ba. Yana gamawa ya zube kan bencina yana haki. Kwanansa tara da dawowa daga asibiti. Likita ya ce zuciya ce, ya kwanta ya huta, shi kuwa ya aika a sayo masa farin fenti.

Shekara ashirin da shida shagona na kallon gidansa a Tudun Wada. Rubutun allunan shaguna da na tasha ne sana'arsa, kuma harufansa iri ɗaya ne tun da na san shi: masu kauri, ba jela, ba ado. Da'ira, miƙaƙƙen layi, kusurwa, shi ke nan. Ƙananan da'irori da marfin gwangwanin madara yake zana su, manya da murfin tukunya, in sun wuce haka sai ƙusa da igiya. Direbobin tashar Tsafe suna son aikinsa don fasinja na hango sunan gari tun daga titi. Ni dai na sha gaya masa rubutunsa kamar jeren tubali yake. Ranar da na nemi ya ɗan lanƙwasa mini sunana a allon shago, cewa ya yi in kai wa masu lalle.

Yana da gwaji guda. In ya gama allo sai ya jingina shi da bango, ya kira matarsa Uwani ta je gindin dogonyaro, taku arba'in daga ƙofa, ta karanta. In ta yi jim, ya ƙara wa harufan kauri. Shekaru na tafiya idonta na raguwa, rubutun na ƙara ƙiba. Mutanen gari suka ɗauka salo ne, har masu buga talla da kwamfuta suka shiga kwaikwayo.

Layinmu gidaje bakwai ne a jere, mai gini ɗaya, ƙofofin ƙarfe shuɗaye iri ɗaya. Da can in Uwani ta fita unguwa, shi ke zama a waje, ta bi muryarsa ta shigo. Da yana asibiti sau biyu tana shiga gidan mutane. 'Yarsu Ummulkhairi, da ke aure a Bungudu, ta ce in aka ƙara za ta tafi da ita can. Uwani ba ta yi gardama ba, amma ranar ba ta ci abinci ba. Ɗakinta take so.

Don haka ya zana GIDAN UWANI da alli, layi biyu, kowane harafi ya kai tsayin kamu. Sai ya fara cikewa da fenti, ɗaya a yini, wani lokacin biyu. Ba a jere yake bi ba. Ya yi G, ya tsallaka zuwa D, ya sauko U. Na tambaye shi ko ciwon ya taɓa kai ne.

"Masu wuyar nika farawa da su," in ji shi. "Sauran ko kai ka iya."

Na yi dariya na koma kan kekena.

Ranar Alhamis da hantsi ya gama N ta ƙarshe, ya wanke burushi da kananzir, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Kafin Azahar muka ji kuka daga ciki. Bayan La'asar muka kai shi. Da muka dawo daga maƙabarta na tsaya gaban ƙofar, na ga haruffa biyu ne suka rage a alli, I ta sama da I ta ƙasa, sanda biyu miƙaƙƙu. Nan ne abin ya taɓa ni, ba a bakin kabari ba.

Ranar uku hadari ya haɗo ta gabas. Na san ruwa ɗaya zai wanke allin, sai na ɗauko fentin na cike su. Ta ƙasan ta ɗan zarce layi, na goge da tsumma, wurin ya yi dabbare.

Da Uwani ta fita takaba, Ummulkhairi ta zo da mota da direba, aka sa jakar Uwani a but. Uwani ta ce a dakata. Ta sa aka kai ta gindin dogonyaro, ta zare hannunta daga na 'yarta, ta juyo ta fuskanci layin. Ta ƙura wa rubutun ƙofar ido.

"Biyu ba nashi ba ne," ta ce. "Wanga na ƙasa ma ya karkace."

Na sunkuyar da kai kan ɗinkina.

Ta tako ita kaɗai, a hankali, ta wuce ƙofa ta farko, ta wuce ta biyu, ta tsaya a ta uku. Ta ɗora tafinta cikin da'irar G, ta tura ta shiga.

Direban ya kashe mota. Ummulkhairi ta buɗe but ta sauko da jakar.