Manhajar da Ba Ta Iya Cewa A'a

...ga fankar kwamfutar nan sai kuka take, kamar ni na sa ta. To, ai ni ne. Ni na ɗora wa firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, lissafin banza har ya cika maƙil, don a ga wace manhaja za ta iya tayar da aiki a kan lokaci in kwamfuta ta shaƙe. Biyu ne a gabana a baƙin allo: tawa, wadda na rubuta tun ina da gashi a ka, da sabuwar da Oga ya kwaso. Wadda ta faɗi yau, goge ta za a yi. Haka ya ce, har da murmushinsa.

Na buga umarni. Jira... shayi ya huce, ƙuda ya samu wurin wanka.

Sabuwar, ji rashin kunya: na ba ta aiki, wai babu wuri, a dawo an jima. Ido cikin ido! Amma wanda ta karɓa, ta yi shi a kan kari. Tawa kuwa, baiwar Allah, duk abin da na miƙa sai ta amsa. An karɓa. An karɓa. Layi ya yi tsawo har ya fice daga allo, ko ɗaya bai tashi ba... "Abban Auta, da ka ce ba za ka samu zuwa ba, ai da ni na kai ta wurin likitan haƙorin." Matata ke nan, rannan a bakin ƙofar gida, ko murya ba ta ɗaga ba. Me ya kawo wannan yanzu? Aiki nake.

In rage nauyin kaɗan? Wa zai sani? In kashe rabin lissafin, tawa ta numfasa, ta tsallake. Yatsana na kan maɓalli... To ranar da nauyin gaske ya zo fa? Aikin mutane ya kwana a layi, ita tana ta cewa an karɓa?

Na gaji. Wallahi na gaji har ƙashi. Kuma ina son abar nan, shi ne abin haushin. Bari in duba cikinta, inda na koya mata yadda za ta ƙi... sama... ƙasa... babu. Ban taɓa rubuta shi ba. Ko a raina bai taɓa zuwa ba.

Oga ya leƙo. Wai in na gama in duba masa firintar sama, da kwamfutar sakatariya, kafin a tashi.

Ban ɗago ba tukuna, ban ma gama jin sa ba... bakina ya riga ya ce to.