Cokalin Inna

Kafinta ya miƙa hannu kan kanta zai ɗauko man goge katako, hannun ya dawo wayam. Ya tsaya cak, tsumma a ɗaya hannun. Sai a lokacin ya tuna.

Jiya gwangwanin man ya huje, ya juye abin da ya rage cikin wata tsohuwar kwalbar man kittan ɗin Inna, mahaifiyarsa. Ya tafi da ita gida don ya shafa wa ƙofar kicin, ya dire ta kan teburin cin abinci, ya manta.

Kwalbar iri ɗaya ce da wadda Inna ke sha a ciki, launin man ma ɗaya, don duka daga 'ya'yan kittan, wata shuka mai 'ya'ya kamar na riɗi, ake tatsarsu. Sai dai na sha zalla ne, shi ne likita ya ce ta riƙa shan cokali guda kowace safiya saboda taurin ciki da bushewar fata. Na shago kuwa an gauraya shi da sinadarin da ke sa shi saurin bushewa a jikin katako, kuma a jikin gwangwaninsa an rubuta da ja cewa kada ya kusanci baki.

Ga hantsi ya riga ya ɗaga. Inna ta daɗe da karyawa.

Ya kira wayar matarsa, ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake, shiru. Ko shagon bai rufe ba ya haye babur, garin katako na tashi daga rigarsa. A mahadar titi wani mai mota ya leƙo ya zage shi tas, ko waiwaye bai yi ba. Abin da kawai yake gani shi ne hannun Inna riƙe da cokali.

Ya faɗa gida babu sallama. Kwalbar na nan kan tebur, murfinta a karkace, ga cokali a gefe da maiƙo a jikinsa.

"Inna!"

Tana zaune a ƙofar ɗakinta kan 'yar kujerarta ta katako, tana jan carbi. Ta ɗago ta ƙare masa kallo.

"Auta, wa ya biyo ka?"

"Kin sha man nan yau?"

"Na sha mana. Kullum ai ina sha."

Ya dafa bango.

"Tashi, tashi mu je asibiti! Maman yara! Kawo mata mayafi!"

Matarsa ta fito daga bayan gida da kumfar wanki har gwiwar hannu. Ya yi musu bayani a guje, rabi magana rabi haki: man shago ne, guba ne, shi ya ajiye shi da hannunsa. Ya sunkuya zai ciccibi tsohuwar, ta doke masa hannu da carbi.

"Sake ni, ni buhu ce? Ba inda za ni."

"Inna, don girman Allah!"

Ta kawar da kai. Ta gyara zama. Can ta ce da ƙaramar murya, "Ban sha ba."

"Yanzu kika ce kin sha!"

"To na fasa. Ban sha ba, ban taɓa sha ba tun ranar farko. Abu sai ƙarni kamar an jiƙa ciyawa da ruwan kifi, ku ce in haɗiya? Ɗiba nake yi dai don ku ga yana raguwa."

"Kina kai shi ina?"

Inna ta miƙe a hankali ta nuna kujerar da ta tashi a kai. Kujerar mahaifinsa ce, wadda ya sani a bushe duk ta tsattsage. Yanzu sai sheƙi take kamar sabuwa.

"Na yau ma ya fi kama ta," in ji Inna. "Har na ce wannan karon kun sayo mai kyau."

Kafinta ya zame ya zauna daɓas a ƙasa. Dariya ta zo masa tare da hawaye, ya rasa wadda zai fara. Bai taɓa jin daɗin ƙaryar wani a duniya kamar wannan ba.

"Ka gani ko," Inna ta ci gaba, bakinta ya dawo. "Kuma ga ni garau. Cikina ya saki, ƙaiƙayin ya tafi, ba tare da man likitanku ba."

Matarsa ta yi tari, ta sunkuyar da kai tana goge kumfa a zani.

"Inna, ki yi haƙuri. Kina sha."

"Ni?"

"Tun da na ga kujerar nan ta fara ƙyalli na gane. A nonon safe nake juya miki."

Kafinta ya ɗago kai. Ya yunƙura.

"Daga wace kwalba kika zuba yau?"

"Ta firji mana, Baban yara. Man nan zafi ke ɓata shi, ya yi ɗaci. Wa zai bar shi kan tebur in ba kai ba? Na Inna na shafe-shafe ne kawai nake bari a waje."

Ya buɗe firjin da kansa. Ga kwalbar nan a ƙofa, sanyi ƙalau. Ya buɗe ya shinshina, ya koma ya shinshina ta tebur, wadda warinta ya daki hancinsa kamar fenti. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Inna na kallon surukarta, baki a sake.

"Wato 'yar nan, ina yi muku wayo kina yi mini? Shi ya sa nonon ke santsi!"

"Gobe in daina, Inna?"

Tsohuwar ta shafa bayan hannunta, inda da yake fari fat da bushewa. Ta yi tsaki.

"Wa ya ce ki daina? Kada dai in gani."

Kafinta ya murɗe murfin kwalbar shago tam ya cusa ta aljihu. Har ya kai ƙofa Inna ta kira shi.

"Auta! In ka je ka rubuta mata suna da ja, ka dawo mini da ita. Ƙafa ɗaya ta kujerar nan ba ta samu ba."